Wa Ke Duba Yaran Unguwa a Dogon Hutu?

Da watan Yuli ya doshi ƙarshe, makarantun boko a Kano da sauran garuruwan Arewa sukan sallami yara, ba a sake ganinsu da kayan makaranta sai an shiga Satumba. Makonni shida ko bakwai ke nan yaro yana gida, daidai lokacin da damina ta kankama, ruwan Agusta yana sauka ba ƙaƙƙautawa, hatsin bara ya ƙare, na bana bai nuna ba, kwanon masara ya yi tsada. Tun kafin a raba sakamakon jarrabawa iyaye a birni suke shiga lissafi: kuɗin lesin hutu, kuɗin data, kuɗin kai yara wajen wasa ranar Asabar. Daga lokacin da aka cire tallafin man fetur a watan Mayun 2023, lissafin nan ya daina fita a gidaje da yawa. Mai 'ya'ya biyar, kuɗin adaidaita sahu zuwa da dawowa kaɗai ya isa ya zaunar da shi a gida.

Mu da muka tashi a cikin birni a shekarun 1980, hutunmu bai taɓa shiga lissafin cefane ba. Ba don iyayenmu sun fi na yanzu wadata ba, akasarinsu ma ba su kai ba. Abin da yaro yake bukata ya cika yininsa ne ba a sayar da shi a lokacin.

Kara kaɗai ya ishi yaro aikin yini guda. A zare shi daga danga ko daga tarin makamashin girki, a ɓare ɓawonsa siri-siri, a yanyanka totuwar, a yi ta sokawa ana haɗawa har mota ta fito da ƙofofinta, ko tabarau, ko keji. Wanda hannunsa ya ƙware yakan wuce zuwa motar langa-langa da gwangwanin madara, ya yanko tayoyi daga tsohon silifas, ya sa mata doguwar sitiyarin waya yana tuƙawa yana tafe. Tsohon gare na keke da ɗan sanda sun isa a zagaye unguwa a guje. Idan aka ɗauke ruwa, laka ta samu: a gina shanu masu tozo da ƙaho, a gina doki da mahayinsa, 'yan mata su gina tukwane da murhu su ɗora tuwon ƙasa. Babu wanda ya zaunar da mu ya koya mana. Ƙaramin yaro yana tsugune gefen yayansa yana miƙa masa kara, wata rana sai a ga ya yi tasa.

Da la'asar ta yi sanyi sai a fita fili. Maza su ja langa, kowa ya kama ƙafarsa ɗaya ta baya yana tsalle da ɗaya, ana bangazar juna, ana kare wanda aka kira ruwa har ya kai wurin sha. Wasan nan da muke yi ƙafa ba takalmi, yau yana cikin wasannin gargajiya da ake gasarsu a bikin wasanni na ƙasa, tare da dambe da kokawa, amma da wuya ka ga ana yinsa a lungun da aka haife shi. Waɗanda suka ɗan tasa sukan haƙa gurabe talatin a ƙasa, kowa ya riƙe tsinke goma sha biyu, a zauna dara, wadda lissafinta ya fi na wasu darussan aji wuya. 'Yan mata suna can suna carafke da 'yar gala-gala, in farin wata ya fito su kafa gaɗa. Bayan sallar isha'i kuma a taru gaban kaka ko wata gwaggo mai bakin labari, a sha tatsuniyar Gizo da Ƙoƙi, a yi kacici-kacici har barci ya ɗebe ƙanana. Wanda ya iya karatu yakan samo Magana Jari Ce ko Ruwan Bagaja na Abubakar Imam, kwafi ɗaya da bangonsa ya yage, ya karanta wa sauran a zaure, gobe littafin ya kwana a wani gida.

Kada a manta, makarantar allo ba ta bin hutun boko. Da safe ana zuwa, da yamma ana komawa, Alhamis da Juma'a ne kawai ake hutawa. Saboda haka yinin yaro yana da ƙa'ida ko da babu aji, kuma akwai malamin da zai tambaya in bai gan shi ba.

Wasu kuma ba sa ma yin hutun a gari. Ana rufe makaranta za a ɗaure wa yaro kayansa a leda, a damƙa shi hannun direban da aka sani a tasha, sai gidan kawu a ƙauye. A can zai tarar ana maimai, ya koyi riƙon fartanya, ya kai abinci gona a kai, ya bi 'yan'uwansa kiwo, ya san tafasa da rama da yaɗiya a inda suke fitowa ba a faranti ba. Ya dawo ya yi baƙi, tafin hannunsa ya yi kanta, da ƙullin gyaɗa da ɗanyar masara tsaraba. 'Ya'yan kawun su ma a turo su birni wani hutun. Kuɗin mota ne kawai abin da aka kashe, zumuncin da aka ƙulla kuwa har yau wasunmu shi muke ci. Wanda bai tafi ba, a kai shi shagon tela ko kafinta ko wajen maƙeri, yarinya ta zauna gun mai ɗinkin hula ko mai kitso. Da yawa daga masu sana'ar da ke riƙe da gidajensu yau, a dogon hutu suka fara riƙe almakashi.

Sai dai duk wanda ya ce zamanin nan lafiya lau ne, bai faɗi gaskiya duka ba, kuma kududdufi shi ne shaida.

Da ƙasa aka gina birnin Kano, gidajensa da ganuwarsa, kuma duk inda aka ɗebi ƙasar gini rami ya rage. Ramukan nan su ne kududdufan da kusan kowace tsohuwar unguwa take da nata. Da rani su ƙafe ko su janye, da damina su tumbatsa. Babu gidan da ba a hana yara zuwa, kuma babu unguwar da yara ba sa zuwa. Iyaye mata sun san alamar: ido ya yi ja, jiki ya yi furu-furu. Uwa takan ja farcenta a damtsen yaro, in farin layi ya fito, ba sai an yi musu ba. Duka ake yi, gobe a koma. Kusan kowace damina kuma sai an ji ruwa ya ci wani, a wannan unguwa ko ta gaba. Akan ce mutanen ruwa ne suka ja shi. Abin da ya ja shi a fili yake: ramin da aka haƙa don ɗibar ƙasa ba shi da shimfiɗaɗɗen ƙasa, yaro yana tafiya ruwa iya gwiwa, taku ɗaya sai ya zurma inda ya fi tsayinsa biyu, taɓo ya riƙe ƙafa. Babu wanda ya koya masa iyo, abin da ya iya bai wuce fantsama a gefe ba. Sau da yawa ma biyu ake rasawa, domin abokinsa ya faɗa ceto, wanda ke nutsewa ya ƙanƙame shi.

Waɗanda suka fito lafiya ma ba duka suka fito hannu rabbana ba. Yaro ya ga jini a ƙarshen fitsarinsa, abokai su ce ai girma ne ya zo, a wasu wuraren har manya haka suka ɗauka. Tsargiya ce. Ƙwayar cutar tana rayuwa a jikin wasu ƙananan katantanwa na ruwan da ba ya gudu sosai, ta fito ta huda fatar mai wanka ko mai wanki, ta zauna a jijiyoyin mafitsara shekara da shekaru tana ɓarna. Madatsun ruwa irin na Tiga, wanda aka kammala a 1974, da hanyoyin ban ruwa da suka biyo bayansa, sun kawo albarkar noman rani, sun kuma ƙara wa katantanwar nan wurin zama. Maganinta ƙwaya ce da ake kira praziquantel, ana rabawa a makarantu, amma yaron da ya sha ya koma ruwan zai sake ɗauka.

A ƙauye kuwa akwai kurkunu. Mutum ya sha ruwan tafki, bayan kusan shekara tsutsa ta fasa ƙafarsa ta fara fitowa, a yi ta naɗe ta a tsinke kaɗan-kaɗan har makonni, daidai lokacin da gona take nemansa. Ƙidayar da aka yi a ƙarshen shekarun 1980 ta samu mutum fiye da 650,000 da cutar a Najeriya. An yaƙe ta ba da allura ba, ba da ƙwaya ba: tace ruwa da ƙyalle, haƙa rijiyoyin burtsatse, da hana mai ciwon tsoma ƙafarsa a ruwan sha. Janar Yakubu Gowon ya bi ƙauyuka yana wannan kira, tare da cibiyar tsohon shugaban Amurka Jimmy Carter. An ga mai cutar na ƙarshe a ƙasar nan a 2008, a 2013 kuma Hukumar Lafiya ta Duniya ta tabbatar Najeriya ta rabu da ita, haka ma Nijar. Yaran yanzu ba su taɓa ganin mai kurkunu ba, kuma ina ganin duk mai kewar jiya ya kamata ya tuna da wannan kafin ya ce komai na da ya fi.

To, in haɗarin ya kai haka, me ya sa iyayenmu suke sakin mu tun safe hankalinsu kwance? Na daɗe ina juya tambayar nan, kuma amsar da na tsaya a kai ita ce ido. Unguwa cike take da idanu. Dattijai suna kan dakali a ƙofar gida, tela yana zaure ƙofarsa a buɗe, mai tireda yana kallon lungu, mai ɗanwake tana bakin hanya. Kowannensu ya san ɗan gidan wane ne kai, in bai sani ba zai tambaya.

“Kai, zo nan. Ɗan gidan wa ne?”

“Gidan Malam ne, Baba, na bayan masallaci.”

“Ina za ka da hadarin nan? Maza juya gida, ka ce ina gaishe shi.”

Kuma juyawar za ka yi, domin ka san kafin magariba maganar ta isa gida. Ƙarami ba ya fita sai an haɗa shi da babba, a ce, “Yaya, ga ƙaninka nan, a hannunka yake.” In aka kira magariba kowace uwa tana ƙirga nata, wanda bai shigo ba a tura nemansa tun da sauran haske. Tsarin nan yana da aibinsa. Wani babban yakan wuce gona da iri wajen duka, wani abin kunyar kuma akan binne shi don kada a ɓata zumunci, yaron da aka cuta ya haɗiye. Ban ce a dawo da wannan ba. Amma ainihin abin, wato a ce yaro yana waje kuma akwai babban da ya san inda yake, shi ne ya sa wasa ya zama kyauta.

Abubuwa da yawa ne suka taru suka rushe shi, ba rana ɗaya ba. Gari ya cika ya batse. Filin da ake langa an yanka shi fuloti, filin makarantar firamare an zagaye shi da shaguna, badala an sare ta an yi gini. Kududdufai da yawa an cike su da bola an ɗora gidaje a kai, ruwan da suke shanyewa yanzu cikin ɗakunan mutane yake kwana. A sababbin unguwanni an daina zaure da dakali, sai doguwar katanga da get, mutum ya shekara bai san sunan ɗan maƙwabcinsa ba. In ka tsawata wa yaron wani, ka shirya amsa tambaya a gaban ubansa, saboda haka kowa ya kama bakinsa.

Tsoro kuma ya shigo, tsoro mai dalili. A 2019 'yan sanda suka gano wasu yara tara da aka sace daga Kano aka kai su Jihar Anambra, wasunsu sun shekara da shekaru a can. Bayan wannan, wace uwa za a ga laifinta in ta kulle ƙofa? Hanyar ƙauyen ma ta canza. Iyalai da yawa da asalinsu yake Zamfara, ko kudancin Katsina, ko yankin Birnin Gwari, sun daina tura yara hutu gida saboda 'yan bindiga, wasu ma kawun da za a je wurinsa shi ne ya yi gudun hijira ya dawo birni. Sai waya ta zo ta cike gurbin. Ba na cikin masu ɗora wa waya laifin komai, domin ta tarar da fili babu kowa ne ta zauna. Amma yaron da ya yi mako shida a ɗaki yana shafa gilashi, ya koma makaranta bai san sunan bishiya ɗaya ba, bai taɓa faɗuwa ya tashi a cikin tsaransa ba, an tauye shi, ko da kuwa ko ƙwarzane bai samu ba.

Abin da ya fi damuna shi ne yaran sun rabu biyu. Akwai na bayan get, akwai kuma waɗanda har yanzu suke waje yini guda, amma yanzu babu idon da ke kansu. Duk damina Hukumar Kashe Gobara ta Jihar Kano tana fitar da sanarwar yaran da ta ciro daga kududdufi ko rijiya, sau da yawa bayan rai ya yi halinsa. Ramukan da masu ɗibar ƙasa da yashi suke bari a bayan gari sun maye gurbin tsofaffin kududdufan, kuma sun fi su zurfi. A ƙarshen Nuwamban 2021 jirgin ruwa ya kife a madatsar Watari da ke Bagwai, akasarin waɗanda suka rasu ɗaliban Islamiyya ne ƙanana. Lodi ya yi yawa, rigar ruwa babu.

Na bayan get ɗin ma ba su tsira yadda muke zato ba. Yaro mai rarrafe bokitin wanki ya ishe shi nutsewa, kuma nutsewa ba ta da ihu, uwa tana kicin ba za ta ji komai ba. Akwai rijiyar tsakar gida da murfinta ya ruɓe, da ramin masai da aka bari a buɗe ana jiran kuɗin siminti. Akwai kalanzir ko fiya-fiya da aka zuba a robar lemo aka ajiye a ƙasa. In yaro ya sha, kada a sa shi amai, kada a tsaya ɗura masa manja, asibiti za a nufa da robar a hannu. Akwai janareto da ake shigo da shi baranda ko kicin saboda ruwa ko ɓarayi, hayaƙinsa mai kisa ba shi da wari, ya sha kashe gida guda cikin barci. Akwai wayar lantarki da iska ta tsinko ta faɗa ruwan da ya kwanta a lungu. Akwai tsohuwar mota da aka jingine a ƙofar gida ba a kulle ba, yara su shiga wasa ƙofa ta rufe, zafi ya gama da su kafin a farga. Duk waɗannan, gyaransu bai kai kuɗin lesin wata guda ba.

Inda muka fi iyayenmu sa'a shi ne sani. Su sun yi renonmu da addu'a da jiƙo da abin da suka gada, mu kuwa an buɗe mana abubuwan da a da sai dai a ce ƙaddara. Tun 2012 Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawarar a riƙa bai wa yaran yankin Sahel, daga wata uku zuwa shekara biyar, maganin rigakafin zazzaɓin cizon sauro sau ɗaya a wata muddin damina. Shi ne wanda ma'aikata suke bi gida-gida da shi, su ba da na ranar farko a gabansu, su bar wa uwa na kwana biyu. Kyauta ne, amma sai an cika kwana ukun yake aiki yadda ya kamata, kuma bai ɗauke wa kowa kwana cikin gidan sauro ba. Amai da gudawa, wanda damina ba ta zuwa ba tare da shi ba, abin da ke kisa a cikinsa ƙarewar ruwan jiki ne. In babu ƙullin gishiri da sukari na asibiti a kusa, lita ɗaya ta tafasasshen ruwa da ya huce, ƙaramin cokali shida na sukari a shafe, da rabin ƙaramin cokali na gishiri, a yi ta ba yaro kurɓi-kurɓi ana kan hanyar asibiti. Wanda ya tura ɗansa ƙauye kuma ya haɗa shi da takalmin roba da tocila, domin damina lokacin maciji ne. In kububuwa ta yi sara, ba a tsagawa, ba a tsotsa, ba a ɗaure wurin tamau; a hana ƙafar motsi, a ɗauki mutum a kai inda ake da allurar dafi. Asibitin Kaltungo a Jihar Gombe ya yi suna a kan wannan aiki, kuma abin da ma'aikatan irin wuraren nan suke kuka da shi kullum shi ne jinkirin kawo mara lafiya. Tsawa ma haka: in hadari ya haɗo, a fito daga ruwa, a bar tsakiyar fili, kada a fake a gindin bishiya, duk da cewa can ne ƙafa take fara nufa.

Ɗan gajeren hutun da ke faɗowa wajen Afrilu shi kuma nasa haɗarin daban ne. Bazara ce, zafi a Kano yana haura digiri 40, a Sakkwato da Maiduguri ya fi haka. A farkon Afrilun 2024 an auna 48.5 a garin Kayes na ƙasar Mali. Ɗakin ƙasa mai rufin azara yakan riƙe sanyi da rana, randa tana gefe, da dare kowa ya fito tsakar gida ko ya hau soro. Yanzu bulo ne da kwano, ga rashin wuta, ga tsoron kwana a waje. Yara ƙanana jikinsu ya fi saurin ɗaukar zafi, kuma wasa yakan mantar da su ƙishirwa, sai an bi su da ruwa. Daga hantsi ya ɗaga zuwa la'asar a bar su a inuwa, ƙwallo ta jira yamma. Yaron da jikinsa ya yi zafi rau, ya rikice ko ya suma, a kai shi inuwa, a jiƙa shi da ruwa, a yi masa fifita, a nemi asibiti. Lokacin ne kuma na sanƙarau. Waɗanda suka ga 1996 ba za su manta ba: mutum fiye da dubu ɗari suka kamu a Najeriya, sama da dubu goma sha ɗaya suka rasu, Kano tana cikin inda abin ya fi tsanani. Allurar da aka fara a ƙasashen Sahel daga 2010 ta karya lagon nau'in da ya yi wannan ɓarna, wani nau'in ya yi ta'adi a Zamfara a 2017, a 2024 kuma Najeriya ta zama ƙasa ta farko da ta fara amfani da sabuwar allura mai maganin nau'i biyar. Zazzaɓi mai zafi da ciwon kai da sanƙarewar wuya, ko maɗigar jariri ta kumbura, ba abin da za a kwana da shi a gida ba ne.

Sanin nan duka yana hannunmu. Abin da ya kuɓuce mana shi ne filin da idon, kuma su ba za su dawo da kansu ba, sai an shirya su da gangan. Na ga inda gidaje huɗu ko biyar a layi ɗaya suka yi abin kamar adashi: yau yaran duka suna tsakar gidan wannan, gobe na wancan, uwa ɗaya ko wata babbar yarinya mai hankali tana kansu, sauran iyayen su samu sararin aikinsu. Ba a biyan kowa. A ƙasar Bangaladash, inda nutsewa take cikin manyan abubuwan da ke kashe ƙananan yara, an lura yawanci abin yana faruwa ne kusa da gida, daga safe zuwa azahar, lokacin da uwa take tsakiyar aiki. Sai aka riƙa tara yaran ƙauye a ɗaki ɗaya ƙarƙashin kulawar mace guda a waɗannan sa'o'i, mace-macen suka ragu ƙwarai. Abin da suka gano da bincike, shi ne abin da kakanninmu suke yi a tsakar gida ba tare da sun sa masa suna ba.

In an tara yaran, abin yi ba ya wuya. Har yanzu akwai kara, akwai laka, akwai tsofaffin da suka iya dara da carafke suna zaune babu mai tambayarsu. Buhun siminti da aka cika da ƙasa da taki, in aka shuka alayyahu a makon farko na hutu, za a ci miyarsa kafin a koma makaranta, kuma yaron da ya shayar da shi da hannunsa ba zai manta ba. Fita ma ba sai wurin da ake yankar tikiti mai tsada ba. Yara nawa ne aka haifa a Kano ba su taɓa shiga Gidan Makama ba, ginin da ke tsaye tun zamanin Muhammadu Rumfa a ƙarni na 15? Nawa ne suka tsaya bakin marinar Ƙofar Mata, wadda ake danganta kafuwarta da 1498, suka ga yadda baba yake rina zane? Hawa Dala da sanyin safiya, a nuna wa yaro unguwarsu daga sama, a ratsa Kasuwar Kurmi a dawo, kuɗinsa bai wuce na mota da ƙullin gyaɗa ba. Na Katsina suna da Gobarau, na Daura suna da Kusugu, na Sakkwato suna da Hubbaren Shehu, na Argungu suna da gidan tarihin Kanta. Babba ɗaya a gaba, ɗaya a baya, a ƙirga yara kafin a tashi, a ƙirga kafin a juyo, kowane yaro ya haddace sunan mahaifinsa da unguwarsu da lambar waya ɗaya.

Akwai yaran da duk wannan shiri ba zai kai gare su ba in ba a sa su a ciki da niyya ba. Almajirai ba su da get, ba su da uwar da za ta ja farce a damtsensu, kuma su ne suka fi zuwa kududdufi, ba don wasa kaɗai ba, can suke wanka, can suke wanki. Haka 'yan matan da hutu yake nufin ƙarin awoyin talla a bakin titi. Mai unguwa da limami da alaramma za su iya zama tun kafin ruwa ya sauka, a zagaya a san ramukan da ke unguwar, a sa masu rijiyoyi su rufe, a samar wa makarantar allo wurin wanka ko da famfo ɗaya ne, a kuma gaya wa yara ƙarara cewa in wani ya faɗa ruwa ba a bin sa, sai dai a yi ihu, a miƙa masa gora ko igiya, ko a jefa masa jarka mai murfi.

Majalisar Ɗinkin Duniya ta ware 25 ga Yuli a matsayin ranar yaƙi da nutsewa a ruwa tun 2021, ranar da ta faɗo daidai bakin dogon hutunmu. Cikin abin da Hukumar Lafiya ta Duniya take ba da shawara har da koya wa yara 'yan shekara shida zuwa sama iyo, a ruwa mara zurfi, mai tsabta, da aka killace, a hannun wanda aka horar. Shekara da shekaru muna hana yara ruwa da bulala ba su hanu ba, kuma har yau koyon iyo a garuruwanmu sai ɗan mai kuɗin shiga otal. Gwanayen ruwa kuwa muna da su: masunta a Wudil da bakin Tiga da Argungu, da ma'aikatan kashe gobara da ake kira bayan abu ya riga ya faru. Ya kamata ko ƙaramar hukuma ɗaya ce ta gwada, ta gina ɗan kwarmin siminti iya ƙugu a harabar wata firamare, ta cika shi da ruwan burtsatse, ta ɗauki mutum biyu daga cikinsu aikin mako shida.